Aji a Bakin Teku: Yadda Jami'o'i Ke Koyar da Ilimin Halittun Gaɓa

Ilimin dangantakar halittu da muhallinsu, wanda masana ke kira ikoloji, yana da rassa da yawa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka jingina da wuri guda kamar reshen da ke nazarin gaɓar teku, wato yankin nan da ruwa ke rufewa idan teku ya ciko, ya kuma bar shi a fili idan ya janye. Faɗin wannan yanki a wasu wurare bai wuce taku goma ba, a wasu kuma yakan kai kilomitoci na laka da yashi, sai dai a ko'ina halittun da ke zaune cikinsa suna fama da hali biyu, domin wani lokaci suna nutse cikin ruwan gishiri, wani lokaci kuma rana da iska da ruwan sama na dukansu. Jami'o'in da suka ɗauki fannin da muhimmanci ba sa yaye ɗalibi da laccar aji kaɗai. Dole sai ya taka duwatsu masu santsi, ya ƙirga halittu da kansa, sannan ya koma ɗakin gwaje-gwaje da abin da ya ɗebo domin ya gaskata abin da idonsa ya nuna masa ko ya ƙaryata shi. Sunayen dabbobi da tsirrai suna cikin abin da zai koya, amma babban abin da ake so ya fita da shi shi ne tarbiyyar awo, wato yadda ake auna wurin da ba ya zama a hali ɗaya, da yadda ake rubuta abin da aka auna har wani ya iya maimaita aikin bayan shekaru masu yawa.

Jadawalin irin wannan kwas ba a ofishin tsara lacca ake yanke shi ba, domin wata ne ke da iko da shi. Jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya shi ke sa teku ya ciko ya janye, a mafi yawan gaɓoɓi sau biyu cikin kowace sa'a 24 da minti 50, saboda haka lokacin janyewar yakan jinkirta da kusan minti 50 daga yau zuwa gobe. Idan rana da wata da duniya suka daidaita a layi ɗaya, wato a tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu, ƙarfinsu yakan haɗu, sai ruwa ya ciko fiye da kullum ya kuma janye fiye da kullum, ya buɗe ƙasan gaɓa da ba a ganinsa a sauran kwanaki. Waɗannan 'yan kwanaki, da ke zagayowa duk mako biyu, su ne malami ke nema a littafin lissafin cikowa tun watanni kafin tafiya, kuma idan janyewar ta faɗo kafin asuba, to kafin asuba ajin zai fita da fitilu. Tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa ta bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri: a mashigin Fundy na Kanada takan kai mita 16, a mashigin Bristol na Birtaniya ta haura mita 12, a yawancin Bahar Rum kuwa ko rabin mita ba ta kaiwa. Darasin farko da ake yi wa ɗalibai, tun kafin a ba su kayan aiki, shi ne su bi ruwa yayin da yake janyewa, su fara aiki daga ƙasa, su dawo sama kafin ya juyo, domin a shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ruwa kan zagayo ta bayan mutum ya yanke masa hanya. A watan Fabrairun 2004 mutum fiye da 20, 'yan ci-rani daga Sin masu tonon katantanwa, suka halaka ta wannan hanya a mashigin Morecambe na Ingila.

Al'adar kai ɗalibai bakin teku ta kafu ne a ƙarshen ƙarni na 19. A 1872 Bajamushe Anton Dohrn ya kafa tashar nazarin dabbobin teku a birnin Napoli na Italiya, inda ya ɓullo da tsarin da gwamnatoci da jami'o'i ke biyan hayar teburin aiki su turo masanansu. A shekarar da ta biyo baya Louis Agassiz na Jami'ar Harvard ya buɗe makarantar bazara a tsibirin Penikese na Amurka, ya tara ɗalibai maza da mata, yawancinsu malaman makaranta, ya sa su nazarin dabbar da ke gabansu kafin su buɗe littafi. Makarantar ba ta daɗe ba, domin Agassiz ya rasu a watan Disambar 1873, amma daga tunaninta aka kafa tashar Woods Hole a 1888, shekarar da aka buɗe ɗakin gwaje-gwaje na Plymouth a Ingila, kuma ɗaya daga cikin ɗaliban Penikese, David Starr Jordan, shi ne ya zama shugaban farko na Jami'ar Stanford, wadda ta buɗe tashar Hopkins a gaɓar Kalifoniya a 1892. Abin da ya haɗa waɗannan tashoshi shi ne fasalin gini guda: ɗakin gwaji dab da ruwa, famfunan da ke kawo ruwan teku kai tsaye cikin kwatamai domin dabbobi su zauna da rai, da masauki inda malami da ɗalibi ke cin abinci tare.

Daga igiya zuwa lissafi

Abin da sabon ɗalibi ke fara lura da shi a gaɓa mai duwatsu shi ne cewa halittun ba a warwatse suke ba, suna jere ne ɗamara-ɗamara daga sama zuwa ƙasa. A can sama, inda feshin raƙuman ruwa kaɗai ke kaiwa, akwai baƙin tabo a jikin dutse da ƙananan dodon koɗi masu jure bushewa. A tsakiya akwai banakul, wata 'yar dabba dangin ƙaguwa da jatan lande wadda ke manne kanta da dutse tun tana ƙarama ta gina wa kanta ɓawo mai tauri, ba ta ƙara motsawa daga wurin har ta mutu. A ƙasa kuma, inda ruwa ba ya daɗewa da barin wurin, ciyayin teku ne suka mamaye. A 1949 T. A. Stephenson da matarsa Anne, bayan sun yi aiki a Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe, suka nuna cewa wannan jeri mai hawa uku yana bayyana a kusan dukkan gaɓoɓin duwatsu na duniya, ko da jinsin halittun ya bambanta.

Ganin jerin ba wuya, auna shi ne aiki. Ɗalibai sukan shimfiɗa doguwar igiyar awo daga iyakar cikowa zuwa bakin ruwa, su yi amfani da sanda mai lamba da ma'aunin daidaito su gano tsayin kowane wuri a kan igiyar, domin tsayi ne ke nuna sa'o'in da wurin ke yi a bushe, ba nisa ba. A kowane zango sai su aza kwadarat, wato firam mai kusurwa huɗu wanda galibi faɗinsa rabin mita ne, su ƙirga duk dabbar da za a iya ƙirgawa ɗaya-ɗaya, su kuma ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari na dutsen ciyawa ko banakul suka rufe. A nan ne kuskuren da ya fi kowane yawa ke bayyana, domin hannun ɗalibi, ba tare da ya yi niyya ba, yakan kai firam ɗin inda dabbobi suka fi yawa ko suka fi ban sha'awa. Mai sayen hatsi da ya ɗebi na bakin buhu kaɗai ya yanke hukunci a kan buhun duka ya san abin da ke biyo baya idan an je gida an juye, kuma maganin a wurin masana shi ne a cire zaɓi daga hannun mutum, a bar lambobin da aka fitar ta hanyar ƙuri'a su nuna inda za a aza firam. Malamin da ya san aikinsa yakan bar rukuni biyu su ƙirga wuri ɗaya ba tare da sun ji juna ba, sannan da yamma ya rubuta sakamakonsu gefe da gefe a kan allo. Bambancin da ke fitowa yakan koyar da su amfanin lissafin ƙididdiga fiye da laccar zango guda.

Bayan tsayi, abu na biyu da ke tsara rayuwar gaɓa shi ne ƙarfin raƙuman ruwa. A 1961 W. J. Ballantine, da ya yi aiki a yankin Dale na Wales, ya fitar da wani ma'auni mai hawa takwas wanda ke gane ƙarfin dukan ruwa daga irin halittun da ke zaune a wuri, kuma har yau ana ba ɗalibai shi su gwada. Wani aikin da ɗalibai suka sha yi a gaɓoɓin Birtaniya shi ne auna ɓawon wani dodon koɗi mai farauta da ake kira Nucella: na wurin da ruwa ke duka da ƙarfi gajere ne mai faɗin baki, domin yana buƙatar babbar ƙafa ya riƙe dutse, na wurin da ke da kariya kuwa dogo ne mai kaurin ɓawo da ƙaramin baki, domin a can ƙaguwa ce abin tsoro. Da ma'aunin tsawo da dabbobi 50 daga kowane ɓangare, ɗalibin shekara ta biyu zai iya tabbatar da wannan cikin yini ɗaya.

Gwajin da ake yi a kan dutse

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, yawancin masana sun ɗauka cewa yanayi kaɗai ke yanke wa kowace halitta iyakarta, wato kowace tana zaune inda za ta iya jure zafi da bushewa. Wanda ya girgiza wannan fahimta ɗalibi ne mai neman digirin digirgir, Ba'amurke Joseph Connell, wanda ya yi aikinsa a tashar Millport da ke tsibirin Cumbrae a Sikotilan a farkon shekarun 1950, ya kuma buga sakamakon a 1961. A gaɓar akwai banakul iri biyu, ƙarami mai suna Chthamalus a sama, babba mai suna Balanus a ƙasansa, kuma Connell ya lura cewa 'ya'yan ƙaramin suna sauka har ƙasa amma ba sa kai labari. Sai ya ɗauko duwatsu masu ɗauke da ƙaramin ya kafe su a ƙasa, ya raba kowane dutse biyu, ya riƙa cire babban daga rabi guda ya bar ɗaya rabin yadda yake, yana zana taswirar kowace dabba yana dawowa yana dubawa. A rabin da aka share, ƙaramin ya rayu lafiya. A ɗaya rabin, babban da ya fi saurin girma ya danne shi, ko ya tumɓuke shi ta ƙasa, ko ya matse shi har ya mutu. Ma'anar wannan ita ce iyakar sama bushewa ce ke yanke ta, iyakar ƙasa kuwa gasar neman wuri da mafarauta ne.

Bayan 'yan shekaru Robert Paine na Jami'ar Washington ya ɗauki mataki na gaba. Daga 1963, a mashigin Mukkaw da ke gaɓar tekun Fasifik, ya riƙa ɓamɓare wata dabba mai hannuwa biyar da ake kira tauraron teku daga wani yanki na dutse yana jefa ta cikin ruwa, ya bar yankin da ke kusa ba tare da ya taɓa shi ba. Wannan dabba tana cin ƙumbar teku, mai ɓawo biyu da ke rufewa, kuma da aka kawar da mai cinta sai ƙumbar ta mamaye dutsen, jinsunan da ke wurin suka ragu daga 15 zuwa 8. Daga nan Paine ya fitar da ra'ayin cewa akwai jinsin da, ko da ba shi da yawa, shi ke riƙe da tsarin al'ummar halittu baki ɗaya, ra'ayin da daga baya aka yi amfani da shi wajen bayyana matsayin manyan namun daji a dazuzzuka da tafkuna.

Dalilin da ya sa waɗannan gwaje-gwaje biyu suka zama ginshiƙin koyarwa shi ne arharsu da sauƙin fahimtarsu, domin kayan aikinsu bai wuce ƙarfen kankara da kejin waya da ƙusoshi da littafin rubutu ba, kuma dabbobin ba sa gudu. Wanda ke son gwada irin wannan tunani a kan zakuna ko itatuwan kurmi sai ya jira shekaru da dama ya kashe dukiya, alhali ɗalibi a gaɓa zai iya kankare dutse ya dawo bayan makonni ya ga wanda ya fara sauka. A nan ake koya masa cewa kowane gwaji yana buƙatar wurin kwatance da ba a taɓa ba, cewa idan an sa keji domin hana mafarauci shiga to sai an sa wani kejin mai buɗaɗɗen gefe domin a san ko inuwar kejin ce ta kawo canjin, da cewa ƙirga wuri ɗaya sau goma ba daidai yake da ƙirga wurare goma ba. Wannan batu na ƙarshe Stuart Hurlbert ya yi masa dogon sharhi a 1984, inda ya nuna cewa har manyan masana sun sha faɗawa cikin kuskuren, abin da ya kamata ya sanyaya zuciyar duk ɗalibin da malaminsa ya dawo masa da rahoto cike da jan biro.

Abin da ke faruwa bayan an dawo da bokiti

Sa'o'in da teku ke bayarwa ba su wuce uku ko huɗu ba, sauran yinin a ɗakin gwaji ake yin sa. Aikin farko shi ne tantance jinsi ta hanyar littafin mabuɗi, wanda ke yi wa mai nazari tambayoyi bi da bi, kowace da amsa biyu, ko ƙafafun dabbar takwas ne ko goma, ko ɓawonta na da layi ko sumul yake, har a kai ga suna. Aiki ne mai cin rai da ake yi a ƙarƙashin madubin likita, kuma ɗalibai da yawa suna ƙosawa da shi, sai dai duk lissafin da aka gina a kan sunan da ba daidai ba rushewa zai yi. Lakar da aka ɗebo ana wanke ta a rariya mai ramin rabin milimita ko milimita ɗaya, a tsince tsutsotsi da ƙananan katantanwa a adana su cikin sinadari, a busar da sauran a tace shi domin a san kashin yashi da na taɓo. Ruwan da aka ja da raga mai laushi kuwa yana ɗauke da filankton, wato ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa ba su da ƙarfin yin gaba da shi, kuma a cikinsu ne ɗalibi zai ga 'ya'yan banakul da na ƙaguwa suna iyo, ya gane cewa dabbar da ya gani manne da dutse da safe ta fara rayuwarta ne a matsayin matafiyiya, mai yiwuwa daga wata gaɓa mai nisa.

Awon ruwan kansa yana da nasa kayan aiki, waɗansunsu tsofaffi ne ƙwarai. Farin faifan da ake zura wa ruwa da igiya har ya ɓace wa ido, domin a san tsabtar ruwan, Angelo Secchi ne ya gwada shi a Bahar Rum a 1865. Gishirin teku, wanda a tsaka-tsaki giram 35 ne a kowane kilo na ruwa, ana auna shi da wata 'yar na'ura da ake ɗiga wa ruwa a duba ta fuskar haske. Mafi koyarwa a cikinsu ita ce hanyar auna iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, wadda Lajos Winkler ya ƙirƙiro a Budafest a 1888, domin rabinta a bakin ruwa ake yi, rabi a ɗaki: ana cika kwalba ba tare da an bar kumfa ko ɗaya ba, a zuba sinadarai biyu nan take su kama iskar su zama gari mai ruwan ƙasa, sannan a ɗakin gwaji a narkar da garin da asid, a riƙa ɗiga wani sinadarin har launin shuɗi ya ɓace, adadin ɗigon kuma shi ke nuna yawan iskar. Yau akwai na'urorin lantarki da ke ba da amsa cikin daƙiƙoƙi, amma malamai da yawa suna dagewa sai ɗalibi ya bi tsohuwar hanya, kuma suna da hujja, domin da ita ake gane ko na'urar ta fara ƙarya, kuma wanda ya taɓa ɓata awo saboda kumfa guda ba ya ƙara amincewa da lamba don kawai ta fito a fuskar na'ura.

Darajar tsohon littafin rubutu

Amfanin wannan tarbiyya wani lokaci sai bayan tsara guda yake bayyana. Tsakanin 1931 da 1933 wani ɗalibi a tashar Hopkins, Willis Hewatt, ya ƙirga dabbobin da ke kan wani layi mai tsawon kusan mita 100, ya kafa ƙusoshin tagulla a dutse domin a san wurin. A 1993 wani malamin tashar, Charles Baxter, ya sa ɗalibai biyu masu neman digirin farko, Raphael Sagarin da Sarah Gilman, suka nemo ƙusoshin suka maimaita ƙirgar a kan layin. Sakamakon, wanda mujallar Science ta buga a 1995, ya nuna cewa 8 daga cikin jinsuna 9 na kudu masu son ɗumi sun ƙaru, 5 daga cikin 8 na arewa sun ragu, a daidai lokacin da zafin ruwan wurin ya ƙaru da kusan digiri 0.75 a ma'aunin Salshiyas. Yana daga cikin hujjojin farko da aka samu cewa ɗumamar yanayi tana sauya mazaunin halittu, kuma da Hewatt bai rubuta inda ya tsaya da yadda ya ƙirga ba, da aikin bai yiwu ba. Haka ya faru a Ingila lokacin da jirgin dakon mai Torrey Canyon ya fashe a 1967 ya zubar da ɗanyen mai fiye da tan 100,000 a teku kusa da gaɓar Cornwall: saboda Alan Southward da matarsa Eve suna da bayanan wuraren tun kafin hatsarin, sun iya nuna cewa sinadaran da aka fesa domin wanke man sun fi man kansa ɓarna, sun kashe dodon koɗin da ke kiwon gansakuka a kan dutse har gaɓar ta koma kore, kuma wuraren da aka fi fesawa sun ɗauki shekara goma ko fiye kafin su daidaita.

Duk da haka, kwas na fili yana cikin abin da jami'o'i ke fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, domin yana cin mota da masauki da kwalekwale da inshora, kuma malami ɗaya ba zai iya kula da ɗalibai ɗari a kan duwatsu masu santsi ba kamar yadda zai yi musu lacca a zaure. Jami'ar Liverpool ta rufe tasharta ta Port Erin a 2006 bayan shekara 114 tana aiki, tashar Millport kuma, inda Connell ya yi gwajinsa, an rufe ta a matsayin tashar jami'a a 2013, sai wata ƙungiyar koyar da nazarin fili ta karɓe ta daga baya. Annobar korona a 2020 ta tilasta wa jami'o'i da yawa koyar da fili ta hotuna da bidiyo, abin da ya taimaka wa ɗaliban da naƙasa ko rashin kuɗi ke hana su tafiya, sai dai hoto yana zuwa ne bayan wani ya riga ya zaɓi inda zai duba, zaɓin kuwa shi ne ainihin abin da ake son ɗalibi ya koya.

Gaɓar Afirka ta Yamma

Yawancin littattafan da ake koyarwa da su an rubuta su ne a kan gaɓoɓin ƙasashen sanyi masu duwatsu, kuma malamin da ke Jami'ar Legas, ko Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Kalaba, ko Jami'ar Cape Coast da Jami'ar Gana, dole ya sake musu fasali. Gaɓar Nijeriya, mai tsawon kusan kilomita 853, yashi ce da laka da kurmin fadama, dutsen halitta kaɗan ne a cikinta, har ma a Legas wurin da ake samun banakul da yawa shi ne katangun duwatsu da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, waɗanda suka tare yashin da ke tafiya gabas suka jawo zaizayar gaɓar Bar Beach. Gana ta fi samun duwatsu, kuma tun 1956 G. W. Lawson ya bayyana jerin halittunsu, sai dai tazarar cikowa a gaɓarta ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, raƙuman ruwa kuma masu ƙarfi ne, saboda haka filin aikin siriri ne, hatsarinsa kuma ba kaɗan ba ne ga wanda bai iya iyo ba.

Ajin da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne kurmin mangurob na yankin Neja Delta, wanda ya fi kowane girma a Afirka, da tafkunan bakin teku. Mangurob itatuwa ne da ke tsiro cikin ruwan gishiri-gishiri, wani irinsu yana tsaye a kan dogayen saiwoyi da suka fito daga jikinsa, wani kuma yana turo ƙananan saiwoyi sama daga cikin laka domin ya shaƙi iska, saboda lakar baƙa ce, ba ta da oksijin, tana kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai. A nan ɗalibi ramukan ƙaguwa yake ƙirgawa a cikin kwadarat, ya auna kaurin itace, ya tsinci dodon koɗin nan mai tsini da mutanen yankin ke miya da shi, ya kalli kifin da ke tsalle a kan laka. Tambayoyin da ke jiran amsa ba na aro ba ne. Wata irin kaba mai suna nipa, wadda aka shigo da ita Kalaba daga kudu maso gabashin Asiya a 1906, tana ta bazuwa tana maye gurbin mangurob inda aka sare shi, kuma kwatanta halittun da ke ƙarƙashinta da na ƙarƙashin itatuwan asali gwaji ne irin na Connell da ɗalibi zai iya yi da kwalekwale da rariya. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ƙiyasta cewa gyaran ɓarnar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, kuma ba za a san ko gyaran na tafiya ba sai da masu awo da suka san aikin.

Ɗalibin da ya fito daga Sakkwato ko Kano ko Maraɗi, wanda wataƙila a wannan tafiya zai fara ganin teku, yana da alaƙa da wurin fiye da yadda yake zato, domin ruwan Rima da na Kaduna da na Gongola duk a wannan delta suke ƙarewa, kuma lakar da suke ɗaukowa ita ke gina ta. Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, tana riƙe wani ɓangare na wannan laka, kamar yadda madatsar Akosombo ta riƙe ta kogin Volta tun 1965, abin da ya ƙara tsananta zaizayar gaɓar Keta. Faifan Secchi da kwalbar Winkler kuma su ne dai ake aiki da su a tafkin Kainji da madatsar Tiga da fadamar Haɗejiya da Nguru.

Matsalar da ta keɓanta da gaɓar Afirka ta Yamma ita ce ta lokaci. A tafkin Legas gishiri yakan yi ƙasa har ruwan ya kusa zama na sha idan damina ta kankama, halittun teku da suka shigo da rani su mutu ko su fice, sannan su dawo idan ruwan sama ya ɗauke. Wasu tafkunan Gana kuma, waɗanda yashi ke toshe musu baki, gishirinsu kan zarce na teku da rani, har a Songor gishiri ake haƙa. A gaɓar Gana, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku da abinci mai yawa, filankton ya yi yawa, kifin sadin ya biyo shi. Kwas na mako guda, komai kyawunsa, fuska ɗaya kawai zai nuna wa ɗalibi, saboda haka sashen da ke son ɗalibansa su ga yadda wurin ke juyawa sai ya nemi kuɗin tafiya biyu, ɗaya a Fabrairu ko Maris lokacin da gishiri ya kai maƙura, ɗaya kuma bayan koguna sun cika, a koma wuri guda mai alamar da ba ta gogewa, a yi aiki da kayan awo iri ɗaya, sannan a ajiye littattafan ƙirgar a sashen domin ajin da zai biyo baya.